Aikin Ma'aikatar Harkokin Waje: 'Ya'yanmu Su Nema Ko Su Haƙura?

Zainab, Fadamar Mada: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Faransanci na karanta a jami'a, na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan cikin garin Bauchi. Tun ina sakandare burina in shiga Ma'aikatar Harkokin Waje. A gida an rabu biyu, Baba ya goyi baya, su Inna kuma sun ce aikin 'ya'yan manya ne, kuma ba na mace ba ne. Ga labaran da ake yi cewa wasu ofisoshin jakadancinmu ko kuɗin haya sun kasa biya. Don Allah wanda ya san cikin aikin ya faɗa min gaskiya. Ta ina ake shiga? Aiki ne da mutum zai kafa rayuwarsa a kai?

Injiniya Musa, Yelwa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba zan ɓoye miki ba, in ba ki da kafa a Abuja, ki riƙe allinki da kyau. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ya binciki sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, a bainar jama'a aka riƙa faɗin yadda ake karɓar kuɗi a hannun masu neman aiki. In haka ake yi a ƙananan hukumomi, ina ga wurin da kowa ke hangen za a tura shi Landan?

Hajiya Asabe, Jahun: Musa, yarinya ta zo neman shawara, kada ka karya mata gwiwa tun daga ƙofa. Ina Baba Garba? Shi ya kamata ya yi magana.

Baba Garba, Kobi: Ga ni nan, Hajiya. Sai da na dawo daga masallaci na ga saƙon.

Zainab 'yata, a wannan ma'aikata na yi aikina har na yi ritaya, a ɓangaren gudanarwa. Ban zama jakada ba, amma na zauna ƙarƙashin jakadu da dama, na ga yadda ake tafiyar da ofis daga ciki. Bari in fara da abin da ya kamata kowane ɗan Bauchi ya sani. Ginin hedikwatar ma'aikatar a Abuja sunan Tafawa Balewa yake ɗauke da shi, wanda kabarinsa ke nan cikin garinmu. A 1957, a ƙarƙashin ofishinsa, aka ɗauki jami'ai 12 na farko aka fara horar da su aikin jakadanci, cikinsu har da marigayi Aminu Sanusi na Kano. Bayan samun 'yanci a 1960 shi da kansa ya riƙe harkokin waje, sai a 1961 ya miƙa wa Jaja Wachuku. Don haka duk wanda ya ce miki wannan aikin ba namu ba ne, bai san tarihi ba.

Hanyar shiga ɗaya ce a hukumance: Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya. Ita ke tallata gurabe, a cike ta intanet, a yi jarrabawa, a yi ganawar baki. Mai digiri a matakin albashi na 8 yake farawa. Daga nan akwai horo a makarantar koyon aikin jakadanci ta ma'aikatar. Sai ki zauna a hedikwata shekaru kina rubuta takardu, kina bin fayil, kina tarbar baƙi a filin jirgi, kafin layi ya zo kanki a tura ki waje. A zamaninmu mutum kan yi shekara uku zuwa huɗu a ƙasar da aka kai shi, ya dawo gida ya sake jira.

Ki kuma riƙe wannan da kyau: muddin kina Abuja, albashinki na ma'aikacin gwamnati ne, babu dala ko ɗaya a ciki. Yawancin ƙananan ma'aikata a Nyanya, Maraba ko Kubwa suke zaune, asuba ta yi musu a hanya. Alawus na kuɗin waje sai an tura mutum yake fara ganinsa.

Injiniya Musa: Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya. Amma zamaninku daban. Yau ko an tura mutum wajen, alawus ɗin yana zuwa? Ma'aikatar da bakinta ta fitar da sanarwa a watan Satumban 2025 ta amsa cewa ofisoshi da dama ana bin su kuɗin haya, da albashin ma'aikatan da aka ɗauka a can, da alawus na jami'ai. Ba 'yan adawa ne suka faɗa ba.

Baba Garba: Gaskiya ka faɗa, Musa, kuma abin yana ci min rai. Amma a fahimci tushen ciwon. Najeriya tana da ofisoshin jakadanci 109 a duniya. Kasafin kuɗinsu da naira Majalisa ke amincewa da shi, su kuma da dala ko yuro ko fam suke biyan haya, wuta, makarantar yara da albashi. Kafin a saki naira a bar kasuwa ta yanke farashinta a watan Yunin 2023, a farashin gwamnati dala tana wajen naira 460. Cikin 2024 ta haura 1,500. Ka ɗauki misali kawai, ofishin da ke buƙatar dala miliyan ɗaya a shekara: da naira miliyan 460 ta ishe shi, a 2024 kuwa sai biliyan ɗaya da rabi. Mai gidan hayar da ke Turai bai san da wannan lissafin ba, ranar biya kawai ya sani. Sannan ko abin da aka ware ɗin, sakinsa kan makara.

Wanda ya fi shan wuya a cikin wannan hali ba jakada ba ne. Ma'aikatan da ake ɗauka a can ƙasar ne: direba, mai fassara, mai amsa waya, mai gadi, mai shara. Wasu 'yan ƙasar ne, wasu 'yan Najeriya ne mazauna can. Ba su da kariyar diflomasiyya irin wadda yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta ba jami'ai, ba sa cikin tsarin fanshonmu, albashin nan shi ne komai nasu. Alhali su ne ƙwaƙwalwar ofis. Jami'i yana zuwa ya tafi, su suna nan. A wata ƙasa da na zauna akwai wani direba dattijo. In ɗan Najeriya ya rasu, shi ya san ofishin da ake fara zuwa, wace taga ce ke buga hatimi kafin azahar, wane asibiti ne ke sakin gawa ranar hutu. Yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango a aljihun mota, ya cika shi da lambobin waya da biro kala-kala. Duk sabon jami'in da ya zo, a wurinsa yake koyon garin. Ka hana irin wannan mutum albashinsa wata da watanni, ka ga abin da ka rusa.

Alhaji Ɗanjuma, Pantami: Baba, wallahi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ɗan kasuwa ne, daga Gombe nake zuwa Guwanzu ta ƙasar Sin sayo kaya. Mu da ke yawo mun san darajar ƙaramin ofishin jakadanci. Fasfonka ya ɓace a ƙasar da ba ka jin yarensu, ba ka da uwa ba ka da uba sai wannan ofishin, su za su ba ka takardar tafiya ta gaggawa ka dawo gida. Amma mutane suna ta kuka da jinkirin sabunta fasfo a waje. Laifin wa ne?

Barista Auwal, Azare: Alhaji, nan akwai abin da jama'a ke haɗawa. Fasfo aikin Hukumar Shige da Fice ne, ita kuma tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Jami'anta ake turawa su zauna cikin ofishin jakadanci, kamar yadda sojoji ke tura nasu wakilin. Haka aikin Hajji, hukumar alhazai ta NAHCON ce ke da shi tun 2006, ko da yake ƙaramin ofishinmu na Jidda yana da nasa rawar. Rufi ɗaya ne, iyayen gida daban-daban. Sai dai duk abin da ya lalace, sunan jakada ake kira.

Hajiya Asabe: Ni zan yi magana a matsayin uwa. Ɗana yana karatu a Sudan lokacin da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Duk wanda yake da ɗa a Khartoum a lokacin ya san abin da ake kira rashin barci. An kwashe su a motocin bas zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin a bar su su wuce, wasu kuma ta Port Sudan aka fitar da su. Abin da yaron ya ba ni labari bayan ya dawo shi ne wani ma'aikaci da ya ga yana zagayawa cikin rana da takarda a hannu, yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ta dishe, leɓensa ya bushe, yana cewa mata da marasa lafiya su fara shiga. Shi ma fa yaƙin bai bar shi ba, ya baro gidansa da kayansa. Har yau ina sa mutumin nan a addu'a. Tun daga lokacin na daina ganin aikin nan a matsayin sa kwat da cin abinci a otal.

Amma Zainab, maganar su Innarki ma ba ta banza ba ce. Ki yi tunanin aure. Wane miji ne zai ajiye aikinsa ya bi ki?

Maryam, Misau: Hajiya, da girmamawa, wannan tambayar ita ta hana mata da yawa a wajenmu motsawa. Amina Mohammed 'yar Gombe ce, tun 2017 take Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Joy Ogwu ta riƙe ma'aikatar nan a 2006, daga baya ta wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya shekaru da dama. Kuma ku tuna matanmu da ke shiga matsala a Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, masu aikatau da waɗanda takardunsu suka ƙare. Mace da aka ci zarafinta, wa za ta fi sakin jiki ta faɗa wa abin da ya same ta, namiji ko 'yar'uwarta mai jin Hausa?

Hajiya Asabe: Ban ce kada ta yi ba, 'yata. Cewa na yi ta shiga da idonta a buɗe.

Baba Garba: Ku duka biyun kuna da gaskiya. Wahalar iyali gaskiya ce, kuma har maza tana ci. A ƙasashe da yawa matar jami'i ko mijin jami'a ba su da izinin yin aiki sai in akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu. Yara kuma yau suna karatu da Turanci, gobe an koma ƙasar Faransanci. Ga neman wanda zai koya musu Alƙur'ani, ga fafutukar kada Hausa ta kuɓuce musu. Iyaye su tsufa kana nesa, a yi rasuwa sai dai ka ji a waya. Na ga gidajen da suka jure, na ga waɗanda suka watse. Waɗanda suka jure, tun kafin a ɗaura aure aka zauna aka yi maganar a fili.

Abin da Maryam ta faɗa kan harshe kuwa, a rubuta shi da manyan baƙi. Akan kira jami'i zuwa wurin da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, mutane cike da ɗaki, babu mai takarda ko ɗaya, kowa ya ce shi ɗan Najeriya ne. Dole ka tantance. Sai ka zauna ka tambayi mutum: daga wane gari? Wace unguwa? Ranar wace kasuwarku ke ci? Wa ke sarautar garin? Daga yadda ya furta kalma biyu za ka gane na Katagum ne ko na Damagaram. Wanda ba ya jin Hausa ba zai iya wannan ba. A Jidda, Yamai, Njamena, Akara, Yawunde, Hausa kayan aiki ce. Ki haɗa ta da Faransancinki, ga maƙwabtanmu huɗu, Nijar, Chadi, Kamaru da Benin, duk da Faransanci ake mu'amala da gwamnatocinsu. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da ficewarta daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025, babu lokacin da ƙasar nan ta fi buƙatar irinki.

Injiniya Musa: To Baba, a ce ta shiga, ta jure Maraba, ta jure rashin alawus, ta yi shekara talatin. Ranar da za a raba kujerun jakadu sai a kawo ɗan siyasar da ya faɗi zaɓe a ɗora mata a ka. Ina amfanin?

Barista Auwal: Doka ta ba shugaban ƙasa wannan ikon. Sashe na 171 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce shi ke naɗa jakadu, Majalisar Dattawa ta tabbatar, kuma ya lura da daidaito tsakanin sassan ƙasa. Bai hana shi ɗauko mutum daga wajen ma'aikata ba. Kuma a yi adalci, ba duk na waje ne ba su iya ba. Ɗan Masanin Kano Maitama Sule ɗan siyasa ne, ya je Majalisar Ɗinkin Duniya ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande daga jami'a ya fito, ya shugabanci Babban Taron Majalisar a 2019. Namu na Gamawa, Yusuf Maitama Tuggar, daga siyasa ya tafi Jamus jakada a 2017, kafin a ba shi ma'aikatar a watan Agustan 2023.

Injiniya Musa: Barista, ka lissafa uku. Sauran fa? Kuma tunda ka ambaci 2023, a watan Satumban shekarar aka kira jakadunmu gida, in ban da wakilanmu a Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai Nuwamban 2025 aka fara aika sababbin sunaye Majalisar Dattawa. Sama da shekara biyu! Ba na faɗin haka don in ci mutuncin kowa, Tuggar ɗanmu ne kuma muna alfahari da shi, shi da kansa ya bayyana cewa rashin kuɗi na cikin dalilai, naɗin kuma a hannun shugaban ƙasa yake. Amma ƙasa kamar Najeriya ta zauna haka?

Baba Garba: A nan ina tare da Musa ɗari bisa ɗari, kuma zan faɗi ɓangaren da jaridu ba su cika dubawa ba.

Na farko, mai riƙon ƙwarya ba jakada ba ne. Jakada shi ke miƙa takardar kama aiki ga shugaban ƙasar da aka tura shi, ƙofofin da ake buɗe masa daban ne. Mai riƙo yakan ƙare a ofishin darakta, a taro kuma kujerarsa tana baya. Duk ƙwarewarsa, akwai inda ba zai kai ba.

Na biyu shi ne wanda ya fi sosa min rai. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Jami'in da ya kai matakin da za a iya naɗa shi jakada, galibi 'yan shekaru kaɗan suka rage masa. In aka yi shekara biyu ba a naɗa kowa ba, akwai rukuni guda na mutanen da suka ba ƙasar nan ƙuruciyarsu, suka yi zaman ƙasashen yaƙi da na zazzaɓi, da za su tattara takardunsu su tafi gida ba su taɓa riƙe muƙamin da suka yi wa hidima tsawon rai ba. Na ƙasa da su suna kallo. Me kake so matashin da ke mataki na 10 ya saka a ransa? Masu ƙwazo sai su fara leƙen hukumomin duniya da kamfanoni.

Duk da haka, waɗannan masu riƙon da ƙananan jami'an su suka riƙe ofisoshinmu a tsawon lokacin, ba jakada, ba isasshen kuɗi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Barista Auwal: Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A 2016, da aka kai sunayen jakadu 47 daga cikin ma'aikata gaban Majalisar Dattawa, wasu jihohi sun yi ƙorafi babu ɗansu ko ɗaya. Bayanin da gwamnati ta yi shi ne ba su da jami'in da ya cika sharuɗɗan. Ma'ana, sashe na 14(3) na kundin tsarin mulki kan daidaito ba zai ƙirƙiro maka darakta daga sama ba. In Bauchi da Gombe ba su shigar da yara a mataki na 8 yau ba, nan da shekara ashirin da biyar za mu zo muna kukan an ware mu, alhali tun a ƙofa muka janye. Shi ya sa maganar Injiniya ta farko ta dame ni. Sayar da gurbi laifi ne, a yaƙe shi. Amma duk yaron da muka hana cike fom saboda mun yanke ƙauna, gurbin jiharmu muka sauƙaƙa wa mai sayarwa.

Injiniya Musa: Na karɓi wannan, Barista. Ta cike. Sharaɗina ɗaya: ko sisi kada ta ba kowa. Duk wanda ya kira ya ce yana da gurbi a hannu, ɓarawo ne ko da gaske yana da shi. Kuma kada ta ajiye koyarwa sai takardar kama aiki ta shiga hannunta, an kuma tabbatar da ingancinta a hukumar.

Sadiƙu, Kumo: Iyayena, ni ma'aikacin jinya ne. Mu da ba mu karanta siyasa ko harsuna ba, akwai ƙofa?

Baba Garba: Akwai, ɗana, ko da yake ba ta zama jami'in jakadanci ba ce. Shirin tura ƙwararru na TAC, wanda aka kafa a 1987 zamanin Janar Babangida lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana minista, yana ƙarƙashin ma'aikatar. Ana tura likitoci, ma'aikatan jinya, malamai da injiniyoyi ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik na shekara biyu, Najeriya ce ke biyan alawus. Ka riƙa bibiyar sanarwarsu, kuma ka nemi izinin wurin aikinka a rubuce kafin ka tafi, don ka tarar da kujerarka in ka dawo.

Zainab, ke kuma ki tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma, ta bautar ƙasa da ta haihuwa, ki tabbata suna da ranar haihuwa sun yi daidai da na lambar NIN, don saɓanin harafi ɗaya yana fitar da mutum. Ki riƙa sauraron labarai da Faransanci kullum kada harshen ya yi tsatsa. Ki koyi taƙaita dogon rahoto a shafi ɗaya da Turanci mai tsabta, domin rabin aikin ke nan. In da hali ki ƙara Larabci.

Zainab: Na gode Baba, na gode iyayena. Zan nuna wa Inna duk abin da aka rubuta, musamman na Hajiya.

Alhaji Ɗanjuma: Ni dai maganar direban nan ta tsaya min a rai. Barista, ba yadda za a yi mu rubuta wa sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai na Bauchi da Gombe? Lokacin kare kasafin kuɗi su tambaya a fili: wata nawa ake bin ma'aikatan da aka ɗauka a can, kuma me ya hana a riƙa lissafin kuɗin ofisoshin da dala tun daga tushe?

Barista Auwal: Za a iya. Kowace majalisa tana da kwamitin harkokin waje, kuma kowane ɗan ƙasa yana da damar kai koke ta hannun wakilinsa. Zan tsara takardar in saka a nan kafin Juma'a. Baba, zan kira ka ka duba min ɓangaren alawus da na ma'aikatan can, kada in rubuta abin da za a ce ban san aikin ba.

Baba Garba: Ka kira bayan la'asar. Ka ƙara da maganar naɗin jakadu a kan lokaci, a sa wa'adin da ofis ba zai wuce ba babu jakada.